Kiwon Kaji A Gida: Kafin Ka Je Kasuwa, Fara Da Maƙwabcinka

Duk wanda ya zauna a Adar ya san abin da ke samun kaji idan iskar ɗari ta kaɗa. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu, unguwar da aka saba tashi da carar zakaru sai a wayi gari ta yi tsit. Kaza ta takure a gindin danga, fikafikai a sake, tana gyangyaɗi kamar wadda ta kwana ba barci, kashinta kore-kore. Wata kuma wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Cikin mako guda, gidan da ke da kaji ashirin sai ya koma biyu ko babu. Mata su ce ciwon kaji ya shigo gari, a yanka waɗanda wuƙa ta riska, a kwashi saura a kai kasuwa da gaggawa, sai kuma baɗi. Haka abin yake a nan Tebaram, haka a Bambeye da Takanamat, haka a unguwannin birnin Tahoua.

Duk da haka, idan uwa ko uba ko abokin aiki ya yi niyyar fara kiwo, tambayarsa ta farko ba ta wuce wannan: "Malam, wane iri zan saya, kuma guda nawa?" Tambaya ce mai kyau, sai dai ta yi gaggawa. A ganina sayen kaza shi ne mataki na ƙarshe ga mai farawa. Na farko shi ne ya san ranar da za a yi wa kajin unguwarsu rigakafi, da wanda zai yi, da maƙwabtan da za su shiga. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kasuwa, ya saya wa annoba abincin ɗari ne da kuɗinsa. Kuma ina ganin mu malamai da iyaye muna da hanyar gyara wannan al'amari fiye da kowa a ƙauye.

Kada a raina kaza. A gidan talakan Adar, saniya jari ce da ba a taɓawa sai babbar lalura ta zo, akuya da tunkiya suna jiran suna ko layya, amma kaza ita ce kuɗin aljihu. Ita ake kamawa idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ke sayen littafi da alƙalami a watan Oktoba, ita ke fid da maigida kunya idan baƙo ya sauka. Ƙasarmu ƙasar ƴan cin rani ce. Da an gama girbi, maza da yawa sun kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya ko Aljeriya, sun bar mata da yara da tsofaffi. Kafin saƙon farko ya iso, abin da ke tsakar gida shi ne abin dogaro. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi arewaci da yammacin jihar Tahoua a shekarun nan, har mallakar garke ta zama abin fargaba ga mutane da dama. Kaza kuwa ba ta zuwa daji kiwo, ba kuma mai tahowa da bindiga don ya kore ta.

Kajin cikin waya

Yanzu kowa da wayarsa a hannu. Ka buɗe Facebook ko TikTok, ga matashi a Kano ko Zariya ko Yamai tsaye cikin kaji ɗari biyar farare tas, yana cewa cikin mako shida an mayar da uwar kuɗi har da riba. Ba lallai ƙarya yake yi ba. Kajin Turawa na nama suna isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Masu ƙwai kuma, guda ɗaya na iya yin ƙwai 250 zuwa 300 a shekara, alhali kazarmu ta gida da ƙyar take wuce 50. Wanda ya ji wannan dole ransa ya biya.

Amma akwai abin da hoton bai nuna ba. Waɗannan kaji ba sa tono. Abincinsu haɗi ne na masara da waken suya da wasu sinadarai, kullum safe da yamma, kuma ranar da buhu ya ƙare ranar asara ta fara. Suna son lantarki, da ruwa a wadace, da likitan dabbobi kusa, da mai saye a ranar da suka isa, domin kowace rana da suka ƙara a gida ribar suke ci. Mu kuwa hatsi da wake muke nomawa, da ruwan saman da bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Ƴan tsakin ma daga nesa ake kawo su, wasu tun daga kudancin Najeriya ta hanyar Ƙonni. Ga zafin bazara, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Afrilu da Mayu. Kaza ba ta gumi, da haki take rage zafin jikinta, kuma mai ƙiba ita ke fara faɗuwa.

Ba mu manta da 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta rufe iyakarta, ta kuma yanke wutar da take ba mu, ba a buɗe hanya ba sai a Maris na 2024. Kiwon da tsakonsa da abincinsa da sanyin maganinsa duk suka rataya a kan iyaka da wayar lantarki yana da masu shi: mutanen birni masu jari, waɗanda suka san aikin. Ban ga laifinsu ba. Amma malamar da aka turo ƙauye bana, ko uwar da ke son ta juya jikka goma, ba nan ne ƙofarsu ba. Kazar gida ta san rana, ta san shirwa, tana nemo rabin abincinta da ƙafarta, tana kwanci da kanta, ta yi renon ƴaƴanta ba da fitila ba. Abu guda ne ya fi ƙarfinta, kuma shi ne wanda muka fara da shi.

Annobar da ke da rigakafi

Likitocin dabbobi suna kiran wannan ciwo Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila. A 1926 aka fara gane shi, a can da kuma tsibirin Java na Indunusiya. Ƙwayar cutar irin wadda ake kira bairos ce, don haka kafson da ake saya wurin masu yawo da magani ana barbaɗawa a kasko ba ya taɓa ta. Barkono da ɓawon maɗaci da ake jiƙawa su ma haka. Idan ta shiga kajin da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya share su kusan duka. Tana bi ta kashi da majina da numfashi, tana hawa takalmin mutum da kwandon ɗan kasuwa. Kuma kaza kan ɗauki kwanaki da cutar a jikinta kafin ta nuna alama.

Wannan ne ya sa kasuwar ɗari ta zama tarko ga sabon mai kiwo. Da ciwo ya ɓulla a wani ƙauye, kowa na son ya rabu da nasa kafin su mutu masa a hannu. Kaji su cika kasuwa, farashi ya faɗi, mai farawa ya ce ya yi sa'a. Araha ba ta ado. Kwana biyar bayan nan tasa ta kwanta, ta kuma ja na maƙwabta da suka sha ruwa a kasko ɗaya.

Magani babu, amma rigakafi akwai, kuma iri biyu aka fi sani a ƙasashenmu. Akwai na allura, akwai na ɗigo guda a ido. Na ɗigon, wanda ake kira I-2, a Jami'ar Queensland ta Ostareliya aka samar da shi ƙarƙashin Farfesa Peter Spradbrow, musamman saboda ƙauyukan da ba su da firji. Ya fi sauran jure zafi, ko da yake shi ma ba a barinsa a rana. Ana ɗiga wa babba da tsako, a maimaita duk bayan wata huɗu. A Mozambik, mutanen ƙauye ne da aka horar, maza da mata, suke bi gida-gida sau uku a shekara suna wannan aiki, masu kaji na biyansu ɗan abin da ya sawwaƙa. A nan Nijar muna da ma'aikatan kiwo na gwamnati, muna da likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu na ƙauyuka. Kuɗin rigakafin kaza ɗaya bai cika wuce kuɗin ƙwai guda ba.

To me ya hana? Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, galibi ɗari, kuma idan an buɗe ta ba a ajiye saura sai wata mai zuwa. Mai kaji shida ba zai iya sayenta shi kaɗai ba, ma'aikaci kuma ba zai ƙona mai ya taho daga nesa saboda kaji shida ba. Ko da ya taho, kajinka ba a ɗaki suke wuni ba. Suna juji ɗaya da na gidan Malam wane da na gidan Hajiya wance. Ƴan tsakin da aka ƙyanƙyashe bayan an wuce da rigakafi ba su da wata garkuwa ta kirki sai lafiyar kajin da ke kewaye da su. Ka ga maƙwabci ya shigo lissafi sau biyu ke nan: da shi za a cika kwalba, da lafiyar kajinsa kuma naka za su kwana lafiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A kiwon kaji ma dai gara ku shafa tare tun wutar ba ta tashi ba, domin rigakafi na ɗaukar kusan mako biyu kafin ya kama jiki, kuma ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu.

Sai a kula, wannan rigakafi ba ya hana murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 ta ɓulla a jihar Kaduna, a cikin watan kuma aka same ta a Magarya ta jihar Damagaram, ta kuma sake dawowa ƙasar nan a shekarun baya. Ita tana iya kama mutum. Idan kaji suka fara zubewa farat ɗaya, ko an yi musu rigakafi ko ba a yi ba, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada a bar yara su taɓa. A binne mushen a rami mai zurfi ko a ƙone, a sanar da ma'aikacin kiwo.

Abin da ke wuyan mai gida

Idan an daidaita da maƙwabta, sai akurki. Na laka da muka gada ya isa, in an gyara masa abu uku. A yi shi a inuwa, a buɗe masa ƴan tagogi ƙanana don iska ta ratsa, domin akurkin da aka toshe ruf tanda ce a bazara. A yi masa ƙofar da hannu da tsintsiya za su shiga, wadda kuma za ta rufu sosai da dare saboda muzuru da maciji. Sannan a shafe tsagogin bango, domin nan ƙuma da kaska ke ɓuya da rana su fito da dare su sha jini. A share shi duk mako, a zuba toka. Kashin da aka share kuma kada a zubar. Manoman Illela da Badagishiri da suka farfaɗo da faƙo da ramukan tassa sun san darajar tafin hannu guda na taki a cikin rami. Kaji kuma kada su kwana ɗaki ɗaya da yara, duk yadda ake tsoron ɓarawo.

Sai ruwa. Kaji da yawa a garuruwanmu ƙishirwa ke raunana su kafin ciwo ya ƙarasa su. Kasko a inuwa, a wanke shi kullum, a sake ruwa safe da rana. Idan da ƴan tsaki, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su nutse. Ƙadangare ma ya samu albarkacinsa, ba komai.

Abinci kuwa yana nan cikin gida: dusa, tsaki, ragowar tuwo, ganyen zogale, ɗan ƙuli-ƙuli da aka daka, ɓawon ƙwai da aka gasa aka niƙa. Tafin hannu guda ga kowace babbar kaza da yamma yana koya musu dawowa gida da wuri. Ga ƴan tsaki, ba abin da ya kai gara. A sami tsohuwar tukunya, a cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kifa ta a kan hanyar gara. Washegari a zazzage musu. Wannan aiki yaro ɗan aji uku zai iya shi kafin ya tafi makaranta.

Makonni huɗu zuwa shida na farko su ne inda aka fi yin asarar da ba a lura da ita. Kaza ta fito da ƴaƴa goma, yau shirwa ta ɗauki ɗaya, gobe sanyi ya kashe biyu, jibi ɗaya ya ɓace a bayan gari, a ƙarshe ta tsira da uku, kowa kuma ya ɗauka haka abin yake. Babban kwando ko ɗan shinge na kara mai rufi, inda uwa da ƴaƴanta za su wuni da ruwansu da abincinsu, yana sauya wannan lissafi.

Sai yanzu aka zo saye. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina zuwa Oktoba, ga dusa a wadace, ga sauran lokaci kafin ɗari. Sagaru biyar da zakara ɗaya sun isa, domin zakara ɗaya na iya riƙe kaji goma. A saya a gidan da aka sani, a cikin gari, inda za ka ga uwar da ta haife su da sauran ƴan'uwansu. A duba ido garau, zanko ja, gashi a kwance, ƙasan wutsiya ba kashi a manne. Duk kazar da ta shigo daga waje, ta kasuwa ce ko ta kyauta daga dangi, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da saura. Duk shekara a yi musayar zakara da wani gida don kada iri ya lalace. Zabi kuwa, duk da kuɗin da suke yi, a bar su sai shekara ta biyu. Ƙwansu kan ɗauki kusan kwana 28, na kaza 21, kuma ƴaƴansu mutuwa suke kamar me a damina a hannun wanda bai saba ba.

Bari mu yi lissafin allo, irin wanda za mu ba ƴan aji shida. A ce kaji biyar, kowace ta yi kwanci uku a shekara, kowane kwanci ta ƙyanƙyashe goma. Ƴan tsaki 150 ke nan. Idan biyu cikin kowane uku suka mutu, saura 50. Idan kwando da kasko da ɗigon ido suka sa ɗaya kawai ya mutu cikin uku, saura 100. Bambancin kaji 50 ne, ba tare da an ƙara sayen ko sagara ɗaya ba. Ribar kazar gida a hana mutuwa take. Sai dai kada a tara su duka. Jujin unguwa na kowa ne, abin da ke cikinsa kuma yana da iyaka. Manya goma zuwa goma sha biyar sun ishi gida ɗaya. Ƴan zakaru in sun tasa a sayar, musamman gab da azumi da salla lokacin da ake nemansu.

Ina makaranta ta shigo?

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce. Aji cike da yara, wasu azuzuwan na zana ne, littattafai ba su isa ba, yanzu kuma a ɗora mana kaji? Wasu kuma za su tuna akurkin makaranta da aka taɓa ginawa da sunan darasin aikin hannu, wanda muke kira APP, aka yi ta murna wata biyu, babban hutu ya zo, malamai suka tafi gida, yara suka tafi gona, kaji suka zama na kowa, wato na babu kowa. Wannan ƙorafi gaskiya ne. Shi ya sa ba na kiran a gina akurki a makaranta. Kaza mai ita take so, mai kwana kusa da ita.

Abin da makaranta ke da shi wanda babu mai shi a ƙauye shi ne wannan: kowace safiya kusan kowane gida na turo mata wakili. Tana da alli, tana da rajista, tana da kalanda. Kuma kalandarta ta dace da ta rigakafi kamar an auna. Ana komawa makaranta a Oktoba, gab da ɗari. Wata huɗu bayan nan Fabrairu. Wata huɗu kuma Yuni, kafin a tafi hutu. Ranaku uku ke nan a shekara.

Aikin ba shi da yawa. Mako biyu kafin ranar, malami ya ba da aikin gida: kowane yaro ya ƙirga kaji da zabin gidansu, manya nawa, ƙanana nawa. Washegari a tara a allo, unguwa-unguwa. An yi darasin tarawa, an kuma san kwalba nawa ake bukata. Kwamitin kula da makaranta, wato COGES, tare da ƙungiyar iyaye mata ta AME, su tuntuɓi ma'aikacin kiwo, su tsayar da rana da farashi, su sanar da maigari da limamai. Daren ranar kowa ya rufe kajinsa, da safe kada a sake su sai mai rigakafi ya wuce. Shi zai bi gida-gida. Kada a kuskura a ce yara su kwaso kaji su kawo harabar makaranta, domin tara kajin gari wuri ɗaya shi ne abin da cutar ke nema. Daga baya yara su riƙa rubuta abin da aka ƙyanƙyashe da abin da ya mutu. A ƙarshen shekara su da kansu za su kwatanta gidajen da suka shiga da waɗanda suka ƙi. A makarantar horon malamai an koya mana cewa darasi daga abin da yaro ya sani yake farawa. Ban san abin da yaron Tebaram ya sani ba fiye da kazar uwarsa.

Ga matan da ba su da abin farawa, ba sai an jira wata ƙungiya daga Yamai ba. Maƙwabtanmu Fulani suna da habbanaye: a ba mutum aron dabba, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Matan AME za su iya yin haka da kaji. A ba wance sagaru biyu da aka yi wa rigakafi, in sun ƙyanƙyashe ƴaƴan sun tasa, ta miƙa biyu ga ta gaba. Akuya sai ta yi wata biyar da ciki. Kaza kwana 21 ne.

A nan ina da magana da ƴan'uwana maza. A yawancin gidajenmu kaji na mata ne da yara. Idan rigakafi ya sa suka yawaita suka fara kawo kuɗi, kada maigida ya tuna cewa shi ne mai gidan. Wanda ya kama zakaran uwargida ya yanka wa baƙonsa, ya biya ta kamar yadda zai biya ɗan kasuwa. Matar da ta san kazarta tata ce ba sai an tuna mata ranar rigakafi ba. Iyaye kuma su kula, aikin kaji na minti goma ne da safe da minti goma da yamma. Bai zama dalilin hana yarinya zuwa makaranta ba.

Ƙwai na yaro ne

Akwai camfin da har yau bai mutu ba, wai yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama. Ina jin asalinsa dabara ce ta kakanninmu don a bar wa kaza ƙwanta ta yi kwanci, tunda sun san yawancin ƴaƴan mutuwa za su yi. Idan ƴan tsaki suka daina mutuwa, dalilin ya faɗi. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi a Nijar ya sha nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ba sa girma yadda ya kamata. Mu malamai muna ganin sakamakon a aji: yaro ƙarami ga shekarunsa, ƙarfe goma ya fara gyangyaɗi, abin da aka koya masa jiya ya tashi. Ƙwai guda yana da kusan giram 6 na sinadarin gina jiki, ga wasu abubuwan da fura da tuwo ba sa bayarwa. A bazara ma ƙwai ba ya ƙyanƙyasuwa da kyau saboda zafi, yawanci lalacewa yake a ƙarƙashin uwar. Daga Maris zuwa Mayu gara a dafa shi a ba ƙaramin yaro da mai ciki da mai shayarwa. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. A wannan lokaci maganar ba ta bukatar fassara.

Za a ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne. Amma masu wannan karin magana su ne suka gina akurki, su ne kuma suke rufe ƙofarsa da magariba. Muzuru da shaho sun san su, sun yi musu shiri. Annobar ɗari ce ba su da yadda za su yi da ita a zamaninsu. Mu muna da shi, a cikin ƴar kwalbar da ba ta kai tsawon yatsa ba.

Saboda haka, malam, malama, uwa, uba: in kuna da niyyar fara kiwo bana, ku ajiye kuɗin sagaru tukuna. Ku leƙa gidan dama da na hagu ku ji kaji nawa gare su. Ku tayar da maganar a taron iyaye na farkon shekara. Ku nemo ma'aikacin kiwo ku tsayar da rana a Oktoba. Bayan nan ne za a yi cinikin kaza. Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya raya mana yaranmu.